Yadda Nintendo ya shafe shekara 30 yana zawarcin manya

A ranar 20 ga Oktoban 2016 kamfanin Nintendo na Japan ya saki wani bidiyo na minti uku da ɗoriya domin nuna wa duniya sabuwar na'urarsa ta wasa mai suna Switch. An ga wani matashi zaune a falo yana buga wasa a talabijin, karensa ya dame shi da haushi, sai ya zare na'urar daga mazauninta ya fita da ita, wasan kuma bai tsaya ba. An ga wani yana bugawa a cikin jirgin sama. An ga samari sun gama ƙwallon kwando sun zauna suna fafatawa a ɗan allon, an ga wata budurwa ta ɗauki tata ta haura saman bene wajen ƙawayenta. Daga farkon bidiyon har ƙarshensa ba a nuna yaro ko ɗaya ba. Kamfanin da duniya ta sani da Mario da Pokémon, wanda iyaye suke saya wa 'ya'yansu kayansa ido rufe, shi ne ya fito tallan sabuwar haja ya ɓoye yara gaba ɗaya.

Da gangan aka yi hakan. Tun farkon shekarun 1990 Nintendo yake fama da wani tambari da ya manne masa, cewa kayansa na yara ne, duk wanda ya fara tsirar gashin baki sai ya koma wajen Sega, daga baya kuma Sony ko Microsoft. A wannan sana'a irin wannan suna asara ce ta kuɗi tsagwaro. Yaro sai ya jira ranar haihuwarsa ko ƙarshen shekara kafin a saya masa wasa ɗaya ko biyu. Mai albashi kuwa yana iya sayen goma a shekara, ya biya kuɗin haɗuwa da abokai ta intanet, ya kuma bi layi ranar da sabuwar na'ura ta fito. Kamfanonin da suke ƙera wasanni su sayar a kan na'urorin wasu, inda mai albashin yake nan suke. Duk na'urar da ya ƙaurace wa, su ma tattara nasu ya nasu suke yi.

Asalin kamfanin ma ba da yara ya fara ba. A 1889 Fusajiro Yamauchi ya buɗe shago a birnin Kyoto yana yin wata karta mai zanen furanni da ake kira hanafuda, kuma 'yan caca suna cikin manyan masu saye, domin su ne masu yawan buɗe sabuwar karta. Hiroshi Yamauchi, wanda ya gaji ragamar gidan a 1949 ya riƙe har 2002, shi ya juya akala zuwa ga yara. A 1959 ya ƙulla yarjejeniya da Disney aka fara buga karta mai hotunan zane, daga nan aka shiga kayan wasan yara, har aka kai ga na'urar Famicom a 1983.

Tambarin a Amurka ya kafu. A wannan shekara ta 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta can ta durƙushe, bayan an cika shaguna da wasanni marasa inganci na Atari da takwarorinta. 'Yan kasuwa suka tafka asara, suka daina ko kallon irin wannan haja. Da Nintendo ya kawo NES, wato Famicom a sigarta ta Amurka, birnin New York a 1985, dole ta sa ya sauya mata kama. Ya haɗa ta da wani ɗan mutum-mutumi mai suna R.O.B. da bindigar roba, ya gabatar da ita a matsayin abin wasa, da haka ta samu gurbi a kantar kayan yara. Sannan ya kafa dokoki masu tsauri. Kamfanin da yake son fitar da wasa a kan NES ba zai wuce biyar a shekara ba, ba zai kai wasan wata na'ura ba sai bayan shekara biyu, kaset ɗin ma a hannun Nintendo zai saya. Ta fuskar abin da wasa ya ƙunsa kuwa, reshen Amurka ya hana jini, ya hana tsiraici, ya hana giya da alamomin addini. Akwai wani ɗan damben Rasha a jerin Punch-Out!! da aka raɗa wa suna da giyar vodka, da za a kawo shi NES sai aka mayar da giyar lemon kwalba. Har zamanin Super Nintendo, magajiyar NES, ana haka: a Final Fantasy an goge allon mashaya an rubuta gidan shan kofi, a Wolfenstein 3D an cire karnukan da ake harbi an sa manyan ɓeraye.

Ni ban ga laifin wannan tsari ba, kuma har yau ina ganin ƙimar kamfanin da uba zai saya wa ɗansa kaya hankali kwance, ba ya fargabar abin da yaron zai gani idan ya ba da baya. Wannan amana ita ta farfaɗo da kasuwar da ta mutu. Sai dai yaron da aka saya wa NES yana ɗan shekara 8 a 1985, a 1993 ya kai 16. Kowa ya san halin yaro idan ya fara tasawa. Ranar da ya ji ya girma, abu na farko da yake ƙi shi ne a haɗa shi kwano ɗaya da ƙannensa, ko da kuwa tuwon wannan kwanon ya fi daɗi. Sega ya gane haka sarai. Ya kawo Genesis Amurka a 1989, wadda a Turai da nan wajenmu aka fi sani da Mega Drive, ko a ce Sega kawai, ya riƙa talla yana ambaton sunan abokin hamayya ƙarara, yana cewa tasa na'urar tana yin abin da Nintendo ba ya iyawa. Sonic da ya fito a 1991 an zana shi da gudu da taƙama da rashin haƙuri, irin abin da ɗan sakandare yake so a ce shi ne.

An yi karon farko na gaske a watan Satumban 1993, da aka fitar da Mortal Kombat a na'urorin gida. Wasan ya yi suna ne da jini da kuma munanan kashe-kashen da ake yi a ƙarshen faɗa. A kan Super Nintendo aka mayar da jinin toka-toka aka ce gumi ne, aka sassauta kashe-kashen. A kan Genesis kuwa akwai wasu madannai da idan ka latsa su a jere jinin zai dawo, kuma kafin a ce me kowane ɗan makaranta ya haddace su. Na Sega ya fi cin kasuwa nesa ba kusa ba, duk da cewa na Nintendo ya fi kyan hoto. A watan Disamba na wannan shekara Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan tashin hankali a wasannin bidiyo, ƙarƙashin Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl. Howard Lincoln, babban jami'in Nintendo a Amurka, ya zauna gaban sanatoci ya nuna cewa kamfaninsa ne mai kula da tarbiyya, ya ce wasan Night Trap na Sega ba zai taɓa fitowa a na'urar Nintendo ba. Iyaye sun ji daɗin maganar. Samari kuma sun ji saƙon da ba a yi niyyar aika musu ba, cewa nan ba wajenku ba ne. Night Trap ɗin nan ya fito a kan Switch a 2018.

Ga wani abu da ake yawan tsallakewa. Bayan an kafa hukumar ESRB mai tantance shekarun da suka dace da kowane wasa a 1994, Nintendo ya sassauta nan take. Mortal Kombat II ya fito a Super Nintendo a wannan shekara da jininsa cif. Ke nan dokar hana jini ta faɗi tun shekara 30 da suka wuce, amma tambarin bai faɗi ba. Wanda yake son ya fahimci wahalar da kamfanin ya sha daga nan, sai ya duba wani waje, wato dangantakarsa da sauran masu ƙera wasanni da irin na'urorin da ya zaɓi ya yi.

A 1991 Nintendo ya warware wata yarjejeniya da Sony ta yin na'ura mai amfani da faifan CD, ya sanar a bainar jama'a cewa da Philips zai yi aiki. Sony ya haɗiye takaici ya ci gaba shi kaɗai, ya fitar da PlayStation a Japan a Disamban 1994. Nintendo 64 da ta zo a 1996 ta tsaya a kan kaset. Kaset yana da amfaninsa, ba ya ɓata lokaci wajen buɗewa, yana da wuyar satar fasaha, yaro zai yar da shi a ƙasa bai lalace ba. Amma mafi girmansa megabait 64 yake ɗauka, alhali faifai ɗaya yana ɗaukar kusan 650, ga araha, ga saurin bugawa. Mai ƙera wasa da ya zaɓi kaset sai ya biya kuɗi masu yawa tun kafin ya sayar da ko ɗaya, ya jira makonni, idan wasan bai karɓu ba kayan su kwanta masa. Waɗannan kamfanoni ba su manta da dokokin zamanin NES ba, saboda haka da suka ga ƙofa a buɗe suka fice. Mafi zafi shi ne ficewar Square, wanda ya kai Final Fantasy VII PlayStation a 1997 a kan faifai uku. Sony kuma ya kai tallansa gidajen rawa na dare a Birtaniya da mujallun matasa, ya sa riƙe na'urar wasa ya daina zama abin kunya ga ɗan shekara 25. Nintendo 64 ta samu GoldenEye 007 a 1997, wasan harbi da ɗaliban jami'a suka kwana a kansa, amma jimillar wasanninta ba su kai 400 ba, na PlayStation kuwa dubbai ne. An sayar da Nintendo 64 kusan miliyan 33, PlayStation ta haura miliyan 100.

Zamanin GameCube ne ya fi nuna ruɗewar da kamfanin ya shiga. Ta fito a 2001, 'yar ƙaramar akwati mai launin shunayya da mariƙi a baya, tana amfani da ƙananan faifai, ba ta kunna fim na DVD. PlayStation 2 baƙa ce, tana kunna fim, saurayi zai ajiye ta kusa da talabijin ba wanda zai yi masa dariya. Ta ƙarfin aiki GameCube ta fi PlayStation 2, amma siffarta ta riga ta yi magana. A wannan shekara Grand Theft Auto III ya fito a PlayStation 2, Halo ya fito a Xbox ta Microsoft, ko ɗaya bai leƙo GameCube ba. Nintendo ya yunƙura ya nuna shi ma zai iya. Ya wallafa Eternal Darkness a 2002, wasan ban tsoro da aka ware wa manya. Ya samu alkawari daga Capcom na wasanni biyar da aka ɗauka nasa ne shi kaɗai. Cikin biyar ɗin an soke ɗaya, uku sun tafi PlayStation 2, ɗaya tak ya tsaya. Resident Evil 4, wanda shi ne gwarzon cikinsu, tun kafin ya fito a GameCube a Janairun 2005 Capcom ya riga ya sanar cewa zai kai shi wajen Sony, don haka mai PlayStation 2 bai ga dalilin sayen wata na'ura ba, sai ya jira. Kafin wannan ma, a ƙarshen rayuwar Nintendo 64, kamfanin Rare ya fitar da Conker's Bad Fur Day, wani kurege mai kama da zanen yara amma ga shan giya ga ashar. Bai yi kasuwa ba, kuma a 2002 Microsoft ya saye Rare ɗungurungum a kan dala miliyan 375.

Sai labarin Zelda, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana su wane ne ainihin masu ƙorafin. A shekara ta 2000 Nintendo ya nuna wani ɗan gwaji na jarumin wasan, Link, a siffar babban mutum yana sara da takobi. Bayan shekara guda da aka nuna wasan na gaske, The Wind Waker, sai ga Link ɗan yaro mai manyan idanu da zane irin na katun. Aka yi ca a kan kamfanin, masoya da yawa suka ji kamar an kunyata su a gaban abokansu masu PlayStation. Yau wasan yana cikin waɗanda aka fi yabo a jerin, kuma zanensa bai tsufa ba kamar yadda na sa'o'insa masu kwaikwayon hoton gaske suka tsufa. Masu fushin nan mafi yawansu samari ne da suke tsakiyar shekarun da mutum yake son a shaida cewa ya girma. Magidanci mai shekara 40 ba ya buƙatar jini a allo don ya san shi babba ne. GameCube ta ƙare a kusan miliyan 22, PlayStation 2 ta haura miliyan 150.

Satoru Iwata, wanda ya zama shugaban kamfanin a 2002, mai rubuta manhajar wasanni ne tun asali, kuma shi ya sauya tambayar. Ya lura cewa kasuwar Japan tana raguwa, wasanni suna ƙara wuya da tsada, mutane suna zamewa. Maimakon a ci gaba da kokawa a kan samarin da Sony da Microsoft suka riga suka kama, ya ce a nemi waɗanda ba su taɓa riƙe na'urar wasa ba. Aka fitar da DS a 2004 mai allon taɓawa. A 2005 aka kawo Brain Age, wanda aka gina a kan aikin Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku: ka riƙe na'urar a tsaye kamar littafi, ka yi 'yan lissafi da alƙalami, ka karanta da ƙarfi, minti kaɗan a rana. Ma'aikata suka riƙa yinsa a jirgin ƙasa, 'ya'ya suka riƙa saya wa iyayensu. A 2006 Wii ta zo a kan dala 250, lokacin da PlayStation 3 take dala 500 zuwa 600, da abin riƙewa mai kama da rimot ɗin talabijin wanda kake kaɗa shi kamar kana buga tanis. Har gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Birtaniya aka riƙa gasa da ita. An sayar da Wii sama da miliyan 101, DS kuma miliyan 154.

Manya sun zo, babu musu. Amma wanda ya sayi Wii don ya motsa jiki ko ya yi nishaɗi da baƙi ranar biki, wasa biyu ko uku sun ishe shi har abada. Na'urar ba ta fitar da hoto garau irin na takwarorinta, kuma ƙarfinta bai kai ta ɗauki manyan wasannin zamanin ba, sai dai a yi mata wani sassauƙan kwafi. Waɗanda suka gwada kawo wa masu Nintendo wasannin manya, irin su MadWorld a Wii da Grand Theft Auto: Chinatown Wars a DS, duka a 2009, sun samu yabo amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sannan wayar hannu ta shigo. Wanda yake son wasan minti biyar ya same shi kyauta a aljihunsa, bai ga dalilin ƙara sayen na'ura ba.

Wii U ta 2012 an yi ta ne da niyyar a riƙe iyalai a kuma dawo da 'yan gani-kashe-nin wasa, sai ta rasa duka biyun. Iyalai da yawa sun ɗauka wani allo ne da ake haɗawa da tsohuwar Wii. Su kuma ɗaya ɓangaren, abin da aka kawo musu tsofaffin wasanni ne da suka riga suka buga. Misali ɗaya ya isa. Kamfanin EA ya fitar da Mass Effect 3 a Wii U a cikakken farashi, watanni bayan fitowarsa a sauran na'urori, kuma a daidai lokacin yana sayar da kashi na ɗaya da na biyu da na uku a haɗe a wasu na'urorin a kan kusan kuɗi ɗaya. Wa zai saya? Da bai sayu ba sai aka ce ai masu Nintendo ba sa son irin waɗannan wasanni. Shugaban EA da kansa ya hau dandalin Nintendo a 2011 yana alkawarin haɗin gwiwa, amma zuwa Mayun 2013 kamfanin ya ce ba shi da wani wasa da yake yi wa Wii U. Haka abin yake juyawa: an kawo ragowa, ba a saya ba, an janye, mai saye ya leƙo ya ga kanta wayam, shi ma ya wuce. Nintendo ya ɗauki nauyin Bayonetta 2 da kuɗinsa, ya fito a 2014, amma wasa ɗaya ba ya ɗaga na'ura. An sayar da Wii U miliyan 13 da rabi kacal. Kamfanin ya yi shekara uku a jere yana asara a harkokinsa, Iwata ya zaftare rabin albashinsa, ya ƙi korar ma'aikata. Ya rasu a Yulin 2015, bai ga fitowar na'urar da aka fara shiryawa a hannunsa ba.

Akwai kuma batun intanet, inda kare yara da gamsar da manya suka fi cin karo. Microsoft ya buɗe Xbox Live tun 2002, mutum yana da suna ɗaya, yana hira da abokansa da murya suna wasa. A DS da Wii kuwa sai kun yi musayar lamba mai alƙaluma 12, kuma kusan kowane wasa da tasa lambar. Ko a Switch, da farko sai ka buɗe wata manhaja a wayarka kafin ka yi magana da abokin wasa. Babba yana ganin wannan a matsayin raini. Amma tsoron Nintendo yana da tushe. A 2013 ya rufe aika saƙo ta intanet a manhajar Swapnote ta 3DS bayan an gano ana amfani da ita wajen musayar hotunan banza, har da ƙananan yara a ciki. Duk uban da ya san abin da yake yawo a intanet ba zai yi gaggawar zargin kamfanin ba.

To me ya sa Switch ta yi nasara inda waɗancan suka gaza? A ganina saboda a karon farko an duba yadda rayuwar babba take. Abin da ya fi ƙaranci a wajen mai aiki da iyali shi ne lokaci da kuma talabijin. Ya dawo a gajiye, falo cike da mutane, wani yana kallon labarai. Switch ta ba shi damar ya zare ta ya koma ɗaki, ya buga minti ashirin, ya latsa madanni ɗaya ta yi barci, gobe a mota ko a wajen jira ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta fito a ranar 3 ga Maris 2017 tare da Breath of the Wild, wasan da ya sake ka a fili mai faɗi bai riƙe maka hannu ba, ya bar ka ka yi tunani da kanka. An gina ta a kan kayan Nvidia da masu ƙera wasanni suka saba da su, saboda haka kawo mata wasa ya yi sauƙi. Skyrim da Doom sun zo a 2017, The Witcher 3 da Mortal Kombat 11 a 2019, na ƙarshen nan ba a rage masa komai ba. Tsofaffin wasanni ne wasunsu, amma yanzu akwai dalilin sake sayensu, tunda za ka iya tafiya da su. Shugaban kamfanin na yanzu, Shuntaro Furukawa, ya shaida wa masu hannun jari a 2019 cewa tantance abin da wasannin wasu kamfanoni suka ƙunsa aikin hukumomin tantance shekaru ne. Aka miƙa wa iyaye linzami ta wata manhajar waya da suke ƙayyade abin da yaro zai buga da tsawon lokacin da zai yi.

Sai dai kada a ɗauka wasannin jinin ne suka ɗaga na'urar. Waɗanda suka fi sayuwa su ne Mario Kart 8 Deluxe, da ya haura kwafi miliyan 60, da Animal Crossing: New Horizons, da ya fito a Maris 2020 a farkon kullen korona ya haura miliyan 40. A wannan na biyun ba abin da kake yi sai kamun kifi da shuka itatuwa da biyan bashin gida da ziyartar maƙwabta, kuma manya ne suka yi dafifi a kansa. A Nuwamban 2021 Nintendo ya nuna wa masu zuba jari jadawalin shekarun masu amfani da Switch, inda tudun ya fi tsayi a wajen 'yan shekara 20 da ɗoriya, ga kuma 'yan 30 da 40 da yawa. Yaran NES da Game Boy da DS ne suka girma, suka wuce shekarun jin kunya, suka samu abin hannunsu, wasu ma suna zama su buga da nasu 'ya'yan. Switch ta haura miliyan 150.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Tsawon zamanin Switch ta farko ba a ga Grand Theft Auto V a kanta ba, ba a ga Call of Duty ba, wanda rabonsa da na'urar Nintendo tun 2013, sai a 2023 ne Microsoft ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 ta dawo da shi. Batun ƙwallo shi ya fi shafar mu. Wasan ƙwallo na PES bai taɓa zuwa Switch ta farko ba, FIFA kuwa shekaru da dama EA yana sake sayar da kusan wasa ɗaya, a sauya riguna da sunayen 'yan wasa kawai, har sai da EA Sports FC 24 ya zo a 2023 aka kawo wanda ya yi kusa da na sauran na'urori. Wanda ya shiga gidajen gem na Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san abin da samari suke biyan kuɗi su buga, kuma ya san PlayStation ce a gabansu. Mai shago yana son na'urar da take da ƙwallo mai kyau, mai sauƙin samu, wadda mai gyara na kusa ya san cikinta. A irin wannan kasuwa Nintendo bai shiga gasar ba ma balle a ce an kayar da shi.

Switch 2 da ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 ta nuna inda kamfanin ya dosa. An sayar da miliyan uku da rabi a kwana huɗu. Cyberpunk 2077 yana cikin wasannin ranar farko, an sanar da wani sabon wasa na FromSoftware mai suna The Duskbloods da zai zama nata ita kaɗai, an kuma sa mata makirfo da madanni na musamman don hira, tare da sharaɗin cewa ɗan ƙasa da shekara 16 sai da amincewar iyayensa. Lokacin da ta fito a 2025 farashinta dala 450 ne, wasan Mario Kart World kuma dala 80. Wannan kuɗin mai albashi ne, kuma nan ne damuwata take. Manyan da suke cika wa Nintendo aljihu yau, wani ne ya saya musu Game Boy ko DS mai araha suna ƙanana. Yaran yanzu da yawa suna kan Roblox da Minecraft da Fortnite a wayoyin iyayensu. Kamfanin ya san da haka, shi ya sa ya buɗe wajen shaƙatawa na Super Nintendo World a Osaka a 2021, ya kuma yi fim ɗin Mario na 2023 da ya tara sama da dala biliyan 1.3, don yaron da ba shi da na'ura ya san Mario ta wata hanya. Amma kallon fim daban, riƙe na'ura a hannu daban. Switch Lite da aka fitar a 2019 a kan dala 200 ita ce ƙofar mai ƙaramin ƙarfi, kuma a Agustan 2025 an ƙara mata kuɗi a Amurka tare da sauran tsofaffin samfuran. A Japan an yi wa 'yan ƙasa Switch 2 mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, ƙasa da mai harsuna da yawa da yen 20,000. Iyaye a sauran ƙasashe ba su samu irin wannan rangwame ba.